Daga Mainamaji zuwa Wikki: Sana'o'in da ke riƙe da Yankari

Mai zuwa Yankari daga Bauchi hanyar Gombe yake kamawa har Dindima, garin da ke bakin kogin Gongola. Daga nan sai ya karya kudu, ya yi ta ratsa gonaki da ƙauyukan ƙaramar hukumar Alkaleri har ya isa Mainamaji, inda ƙofar shiga gandun dajin take. Wannan hanya muka bi da rani, lokacin da ciyawa ta bushe kuma namun daji suke taruwa a bakin kogin Gaji don shan ruwa. Yawancin masu zuwa, giwa ce a ransu. Mu ma muna son ganinta, amma mun ƙudurta za mu sa ido a kan ma'aikatan wurin, domin mu kawo muku labarin sana'o'in da ɗan sakandare zai iya fara hange tun yanzu.

An keɓe dajin Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da dorina da kada, ga tsuntsaye sama da iri 350. Duk wannan baiwa ce daga Allah. Amma baƙon da ya taso daga Legas ko Jamus sai ya sami wanda zai tarbe shi, ya ba shi ɗaki mai tsabta, ya ciyar da shi, ya shiga da shi daji ya fito da shi lafiya. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, baƙon ba zai dawo ba, kuma ba zai turo wani ba.

Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai ce a cikin daji. Muna isa, teburin tarbar baƙi muka fara nufa. Aikin mai wannan tebur kamar mai sauƙi ne a ido, amma a kansa lissafin masauki duka yake: wane ɗaki ne babu kowa, wa ya biya, wa zai tashi gobe, motar ɗalibai nawa ake jira. Sai ya iya kwamfuta, ya iya rubuta rasit, ya iya amsa waya cikin ladabi da Hausa da Turanci. Abu mafi wuya shi ne ya karɓi mutumin da ya sha hanya, ya iso a gajiye yana faɗa, har ya kwantar masa da hankali. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. A makarantun koyon wannan sana'a, sakin fuskar ma darasi ne: a sa ɗalibi ɗaya ya zama baƙo mai ƙorafi, ɗaya ya tarbe shi, malami yana gyara musu.

Daga nan sai ɗakunan kwana. Mai gyaran ɗaki yana da tsarin da yake bi: ya buɗe taga, ya kwashe shara, ya canza zanen gado, ya wanke banɗaki, shara da gugar ƙasa su zo a ƙarshe. Tsumman da ya goge banɗaki ba ya taɓa tebur. Babban jarinsa amana, domin baƙo kan fita ya bar waya da kuɗi a kan gado. A Wikki akwai ƙarin aiki, saboda gwaggon biri da gadu suna yawo a harabar sansanin kamar awakin gida. Birin nan ya san leda, ya san abinci a cikinta yake. Don haka ma'aikaci nagari tun da farko yake jan kunnen baƙo ya riƙa kulle ƙofa, kada kuma ya miƙa wa biri komai.

A ɗakin girki, iya dafa shinkafa a gida daban, ciyar da mutum hamsin a lokaci guda daban. Mai koyon girki yana koyon awo, domin ya san abin da faranti ɗaya ya ci na kuɗi. Yana koyon raba ɗanyen nama da dafaffen abinci, da ware wuƙa da katakon yanka na kowanne, da adana kayan miya a wurin da kasuwa ke da nisa. Sakaci kaɗan a nan na iya kwantar da mota guda ta baƙi da ciwon ciki. Shi kuma mai kai abinci tebur, wanda ake kira sabis, sai ya riƙe abin da kowa ya nema ba tare da ya haɗa na wani da na wani ba.

Da sassafe muka shiga daji a buɗaɗɗiyar mota, tare da ɗan jagora. Shi ne ya fi ba mu sha'awa. Inda mu muke ganin ƙasa kawai, shi sawu yake karantawa. Ya duba kashin giwa ya gane ko yanzu ta wuce ko tun jiya. Ya lura da rassan da aka karya, ya lura da inda iska ke kaɗawa, domin giwa ta fi dogara da hanci a kan ido. Ya san uwa mai ɗa ba a matsa mata. Wani ɓangare na wannan ilimi daga mafarauta da dattawan ƙauyukan kewaye ake gadonsa. Sauran a aji ake samu: sunayen dabbobi da itatuwa da Turanci, taimakon gaggawa, dokokin kare namun daji, da tarihin wurare irin su kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Yaron da ya tashi a Alkaleri ko Duguri, in ya haɗa na gida da na makaranta, da wuya a sami wanda zai ja da shi.

Da yamma muka gangara ruwan Wikki, wanda ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana hangen yashin ƙasa. Ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31, dare da rana, rani da damina. Duk inda yara da manya ke wanka irin haka, ana buƙatar wanda ya ƙware a ninƙaya kuma ya koyi ceton wanda ruwa ya ci. Wannan ma sana'a ce mai horo.

To, a ina ake koyo? Matakin farko yana cikin makarantarku. A cikin darussan babbar sakandare akwai girke-girke da hidimar abinci, kuma WAEC da NECO suna jarraba su. Ku tambayi malamanku ko ana koyar da su a wajenku. Bayan sakandare, akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, wato NIHOTOUR, mai reshe a Bagauda a jihar Kano, inda ake yin gajerun kwasa-kwasai da na difloma. Kwalejojin kimiyya da fasaha, irin ta tarayya da ke Bauchi da ta Kaduna, suna ba da difloma ta shekara biyu a wannan fanni, kuma a tsakiyar karatun ana tura ɗalibi ya yi watanni yana aiki a otal na gaske. Sau da yawa daga nan ake gane mai ƙwazo a riƙe shi.

Ba za mu ɓoye muku wahalar ba. Albashin farko ba shi da yawa. Ana yini a tsaye. Ranar Sallah da Kirsimeti, lokacin da kowa ke hutu, a nan aiki ya fi yawa, da damina kuma baƙi su ragu. Ga kuma kallon da wasu iyaye ke yi wa aikin otal, musamman ga 'ya'ya mata. Damuwarsu abin saurare ce, kuma maganinta shi ne a je tare da su a ga makarantar, a kuma zaɓi wurin aiki mai mutunci. Amma saukar baƙo tsohuwar sana'armu ce. Tun zamanin fatake, fatoma ne ke ba ayari masauki a zango, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye. In mun raina aikin yau, otal ba zai rufe ba. Daga nesa za a ɗauko masu takarda, mu 'yan gari mu tsaya kallo. Manajoji da yawa kuwa daga wanke faranti ko gyaran gado suka fara.

Kafin hutu mai zuwa, ku gwada kanku. Ɗan Kano ya zaɓi dutsen Dala ko marinar Ƙofar Mata, ɗan Katsina ya ɗauki hasumiyar Gobarau, ɗan Argungu ya ɗauki gidan tarihi na Kanta. Ku tambayi dattawa tarihin wurin, ku rubuta, sannan ku zagaya da wani baƙon gidanku na rabin awa, kuna yi masa bayani da Hausa, ku sake da Turanci. Duk tambayar da ya yi muku kuka rasa amsa, ku rubuta ta ku kai wa malamin tarihi ranar Litinin.