Hanta Ba Ta San Sunan Giya Ba

A ƙasar Malumfashi hukuncin giya sananne ne, malamai sun gama bayaninsa tun da daɗewa, tun kuwa da aka ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina cikin 2000 hukuma ma ta sa hannu. Duk da haka masu sha ba su ƙare ba, kowannensu kuma yana da hujjar da yake lallashin ransa da ita. Mai shan burkutu ya ce shi ai dawa yake sha, ɗan'uwan kunu ne. Mai giyar kwalba ya ce tasa aikin inji ce, mai tsabta. Mai ogogoro kuwa ya ce kurɓi biyu ne kurum, ina abin ɓarna a ciki?

Turawa ma sun yi irin wannan zato. A taron Burasal na 1890 suka ƙulla yarjejeniyar taƙaita cinikin barasa mai ƙarfi a Afirka, sa'an nan Gwamna Lugga ya hana shigo da ita Arewa, amma ba a hana waɗanda ba Musulmi ba dafa giyarsu ta gado. Watau a ganinsu mugunta tana cikin irin giyar.

To, ga abin da likitoci suka gano. Abin da ke sa maye a cikin dukansu guda ne, sunansa alkohol, hanta ce kuwa ke ɗaukar wahalar narka shi. Mai karatu ya ɗauki fensir ya yi lissafi. Babbar kwalbar giya santilita 60 ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin 100, watau alkohol santilita 3 ke nan. Ogogoro mai kashi 40, santilita 7 da rabi kaɗai ya ƙunshi wannan adadin. Burkutu ba shi da ma'auni tsayayye, amma in ya kai kashi 4, ƙwarya guda mai cin lita ɗaya ta ɗara kwalbar nan. Wa kuwa ya taɓa ganin an tashi daga gindin tulu a kan ƙwarya ɗaya?

Hanta takan fara da tara kitse, mutum bai ji kome ba. In ya daina a nan, cikin 'yan makonni sai ta koma yadda take. In ya zarce shekara da shekaru, sai ta kumbura, daga nan ta ƙandare, ta yi tabo ko'ina. Sa'an nan ido ya yi shawara, ciki ya cika da ruwa ya yi tulu, ƙafafu su kumbura, wani har aman jini. A nan ne dangi kan ce sammu aka yi masa, a sayar da sa da buhunan masara a kai wa boka.

Amma fa zaɓin giya ba a banza yake ba, domin kowace iri da yadda take koya wa mai ita sha. Burkutun da matan Maguzawa ke dafawa a karkara aiki ne na kwanaki: a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta tashi. In ya kwana biyu ya yi tsami, ba ya ajiyuwa. Ranar gayya ko biki akan sha shi, a bainar jama'a, bayan an ci tuwo, in tulu ya ƙare kuma kowa ya kama hanyar gida. Ogogoro da 'yan'uwansa na leda kuwa ba su lalacewa, suna shiga aljihu, ga araha. Mai jin kunyar idon mutane su yake zaɓa, ya sha shi kaɗai, da sassafe, ciki ba kome, ba mai ce masa ya isa. Wanda sha ya riga ya kama, shi ma can yake gangarawa, don ƙwarya ta daina kai shi inda yake so. Saboda haka in an ga masu barasa mai ƙarfi sun fi yawa a gadon asibiti, sau da yawa ƙarshen tafiya aka gani, ba farkonta ba. Ga kuma haɗarin gauraye: cikin 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas don shan ogogoro mai gubar metanol.

A ƙasar Denmak an taɓa bin mutane fiye da 30,000, cikin 2002 aka ba da labari cewa masu giyar inabi ba su kai sauran mashaya samun ƙandarewar hanta ba. Masu sha suka yi murna. Cikin 2006 sai waɗansu masu bincike na can suka duba rasit na kantuna fiye da miliyan 3, suka tarar masu sayen giyar inabi sun fi sayen ganye da 'ya'yan itace, masu sayen giyar sha'ir kuwa kayan maiƙo da sukari. Ashe ba kofin kaɗai ya bambanta ba, har da akushin. Faransa ma uwar giyar inabi ce, amma da yaƙin duniya na biyu ya sa aka riƙa raba ta da awo a birnin Paris, mutuwa ta ciwon hanta ta ragu ƙwarai, da aka saki awo kuma ta sake hawa.

Manomin wannan yanki yana da ƙarin kaya wanda Bafaranshe ba shi da irinsa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, da yawansu ba su sani ba. Allurar rigakafinta sai 2004 ta shiga cikin na jarirai, watau magidantan yau ta wuce su. Gyaɗa da masara kuma in an tura su rumbu da danshi sukan yi fumfuna mai guba, ita ma hanta take ci. Wanda ya haɗa waɗannan da giya, ko wace iri ce, ya ɗora wa jaki guda kayan uku.

Awon jinin ƙwayar nan ba shi da wuya, a babban asibiti ake nemansa. Wanda kuwa ya kai matsayin da hannunsa ke rawa da safe in bai sha ba, kada ya yanke a rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin yakan jawo jijjiga da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Ya je wurin likita, ya faɗi abin da yake sha da yawansa, a sauko da shi sannu a hankali.