Yaran Daura da Taken Ƙasa

A tsawon aikina na koyarwa a firamaren ƙasar Daura, ba abin da yara suka haddace kamar taken ƙasa, kuma ba abin da ya shige musu duhu kamarsa. Kullum da safe a filin asambili za su rera shi da ƙarfi, amma ja yaro gefe ka ce ya faɗa maka abin da yake cewa, sai ya sunkuyar da kai. Da Turanci aka tsara shi, shi kuwa yaron ko gaisuwar Turanci bai gama iyawa ba.

Taken da muka tashi da shi a 1960, wata Baturiya ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta shi. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta kawo na 'yan ƙasa, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya sa wa kiɗa. A watan Mayun 2024 aka koma wa tsohon. Duk lokacin da aka sauya, abin da ake nema wajen malami ɗaya ne: yara su haddace. Dalilin sauyin kuwa, ba mai tambaya.

Mu ɗauki misali da taken Amurka: a fagen yaƙi ya samo asali. A 1814 jiragen ruwan Ingila suka kwana suna luguden wuta a kan sansanin McHenry da ke Baltimore. Wani lauya, Francis Scott Key, yana kallo daga cikin jirgi. Da gari ya waye ya hango tutar ƙasarsa tana nan, sai ya rubuta waƙar. Ba ta zama taken ƙasa a hukumance ba sai 1931. Malamin can yana da labarin da zai fara bayarwa kafin a buɗe baki a rera, kuma abin da tsufa ya koya mini ke nan: hadda takan zube, labari shi ke zama a ran yaro.

Mu fa, labari muka rasa? Ga rijiyar Kusugu a tsakiyar gari. Ga Daurama da Bayajida, da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a, ga Bawo da Hausa Bakwai. Wannan tarihin baka ne, a faɗa wa yara haka, ba zai rage masa daraja ba. Ga kuma na kusa: yadda jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birni, zuriyarsa ta zauna a Zango da Ɓaure, har Turawa suka dawo da sarautar ga Malam Musa a 1906. Ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda 'yan Daura suka shiga, har da marigayi Muhammadu Buhari. Yaron da ya ji abin da aka sha kafin Nijeriya ta tsaya a dunƙule, ba zai rera take yana hamma ba.

Abin ya fi ci mini rai da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare fiye da shekara goma. Jikokinmu suka yi ta wuce Kusugu ba su san me ya sa baƙi ke zuwa ganinta ba.

Yanzu an dawo da darasin. Ina roƙon hedimastocin masarautar nan, ku sa a fassara wa yara taken da Hausa, ɗango bayan ɗango, a gaya musu wa ya rubuta shi da yaushe. Sannan ku jera su, ku taka da su har bakin rijiyar.