Jirgin Baba da Bututun da Muka Narkar

Tun da aka dawo hutu ake ta tambayarmu abin da ya ƙona mana yatsu, har wani ɗan aji uku ya ce wai suyar ƙosai muka koma. To, ba ƙosai ba ne. Jirgin ƙasa muka haɗa, kuma ga yadda aka yi.

Mu huɗu ne, duk 'yan aji biyu, duk unguwarmu ɗaya a Sabon Garin Zariya, ba nisa da tasha. Maza uku da mace ɗaya. Mu mazan tun muna firamare muke yin motar gwangwani, mu yanka mata taya da tsohon silifas, kuma a layinmu babu wanda ya fi mu. Macen kuwa jikar wani tsoho ce da kowa yake kira Baba, wanda ya yi aikin fita a reluwe tun zamanin jirgin kwal har ya yi ritaya. Kullum yana zaune a zaurensa da rediyo.

Ranar farko ta hutu muna jan wata babbar tirela da muka yi, sai ya kira mu. Ya karɓe ta, ya shafa ta da hannu, ya juya tayoyin, ya ce, "Samari, wannan motar taku da mutane za ta ɗauka da ba wanda zai kai gida." Muka ji haushi amma muka yi shiru. Sai ya ce wa jikarsa, wadda yake tsokana da amarya, ta shiga ɗaki ta ɗauko masa kwalin da ke ƙarƙashin gado.

Ya ce jirgin ƙasa ne a ciki. Da aka buɗe ba mu ga jirgi ba. Abin da muka gani falle-fallen tagulla ne guda uku, shafal kamar katin gayyatar biki, kaurinsu bai kai rabin milimita ba. Sai 'yan ledoji masu ɗauke da ƙafafu shida, da waya, da ƙaramin injin lantarki, da wasu ƙananan abubuwa na farin ƙarfe mai nauyi. Sai takardar bayani da Turanci. Da muka ɗaga falle ɗaya a rana muka ga ashe duk sassan jirgin suna jiki: gefensa, rufinsa, matakalar direba, har da ƙugiyoyin rataya fitila waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kowanne an riƙe shi da ɗan siririn wuya don kada ya faɗi.

Ɗan Baba ne ya kawo masa daga Ingila sama da shekara goma da suka wuce, lokacin da ya je karatu. A can akwai mutane, yawancinsu dattawa, da wannan ne abin shaƙatawarsu: su sayi irin wannan kwali, su yi watanni suna haɗawa. Baba ya ce ya yi ta ajiyewa sai ya sami lokaci, da lokacin ya samu kuma yana ta rufe masa ido, hannu ya fara rawa. Ya ce, "Ni ina da kai, ku kuna da ido. In kuna so, gobe bayan kun gama aiken gida."

Mun yi ta gardama a kan yadda aka yanka sassan, don babu almakashin da zai iya. Ashe ba yankawa ake yi ba. Ana buga hoton sassan a jikin tagullar da wani magani, sannan a sa mata ruwan sinadari mai cin ƙarfe. Inda maganin ya rufe ya tsira, inda bai rufe ba ruwan ya cinye. Da muka dawo makaranta Malamin Fasaha ya ce haka ma ake fitar da layukan da ke jikin allon cikin rediyo. Wani wurin kuma rabin kaurin kawai ake bari ruwan ya ci, sai ya bar siririn layi. Nan ake lanƙwasawa, kuma layin yana zama ta ciki. In ka lanƙwasa ta baya, ka dawo da shi, ka sake, sai ya ɓalle a hannunka. Matakala ɗaya ta koya mana wannan.

Abu biyu ne suka ba mu haushi da farko. Na ɗaya, ba ya cin kwal. Tukunyarsa fanko ce, injin lantarki ne ɓoye a ciki, wutar kuma ta dogo take bi ta hau ƙafafu. Na biyu, ba jirginmu ba ne. Wani ƙaramin kan jirgi ne na Ingila da suke kira Jinty, wanda aka fara ƙerawa a 1924, aka yi guda 422, aikinsa yawanci tura taragai a cikin tasha. Shi ma Baba wannan ya ɗan dame shi. Ya ce waɗanda ya gyara manya ne, masu sunayen koguna a rubuce a gefensu, suna cin kwal ɗin Inugu, suna jan gyaɗa da auduga zuwa Legas. In ya fara labarinsu sai an kira sallah. Amma ya ce ƙafa ƙafa ce, sanda sanda ce, wanda ya iya ƙarami ya san babba.

Ma'aunin kuwa shi ne kowace ƙafa ɗaya ta tsawon jirgin gaske ta zama milimita 4, wato an rage shi sau 76. Duk jirgin bai wuce santimita 12 da rabi ba. Tsakanin dogonsa milimita 16.5. Wannan ne karo na farko da muka yi lissafin rabawa ba don tsoron bulala ba.

Sati biyu na farko gundura ce zalla, ba za mu ɓoye muku ba. A yanke wuya da wuƙa a kan katako, a goge wurin da ƙaramin magagari, a ba Baba ya shafa da babban yatsa, ya ce saura. Sai a sake. Akwai kuma ɗigo-ɗigo a bayan tagullar da ake dannawa da tsinin ƙusa don su fito ta gaba kamar kan ƙusoshin jikin jirgi. Mu maza muna dannawa da ƙarfi har falle ya karkace, sai aikin ya koma hannun amaryar Baba, wadda ta saba zanen lalle. Tun daga nan duk abin da yake ƙarami ita ce.

Sai liƙi da dalma. Baba yana da ƙarfen narka dalma irin na masu gyaran rediyo, amma kun san halin wuta. Da muka gaji da jira sai ya fito da wani tsohon ƙarfe mai kan jan ƙarfe, muka riƙa sa shi a kurfoti kamar masu facin bokiti. Dokokinsa uku ne: a kankare wurin har ya yi ƙyalli, a shafa ruwan da ke sa dalma ta gudana, sannan a ɗumama tagullar, ba dalmar ba. In an yi daidai, sai ka ji "cas", ka ga dalmar ta ruga cikin gaɓar da kanta kamar ruwa a rariya. In ba a yi daidai ba, ta dunƙule kamar kashin akuya. Tagulla kuma ba ta da amana wajen zafi. Kana riƙe da wannan gefen ana liƙa wancan, kafin ka ce wayyo ya iso yatsanka. Ga amsar masu tambayar ƙosai. Kuma kullum in an tashi sai an wanke aikin da tsohon buroshin haƙori, in ba haka ba gobe ka tarar ya yi kore.

Wurin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne ƙafafu. Uku ne a kowane gefe, kuma sanda ɗaya ce take haɗa su don su juya tare. Mu mun ɗauka sandar dama da ta hagu daidai za su zauna. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce ta wani gefen dole ta riga ɗayar da rubu'in zagaye, digiri 90. In ta dama tana ƙarfe goma sha biyu na agogo, ta hagu tana ƙarfe uku. Dalili kuwa, akwai wurin da in sanda ta miƙe sosai ba ta da ikon juya ƙafa, kamar fedar keke in ta tsaya sama cak. To a lokacin ɗaya gefen yana da cikakken ƙarfi, sai ya fitar da ɗan'uwansa. Ya ce shi ya sa jirgi mai silinda biyu yake numfashi sau huɗu a kowane zagayen ƙafa, kuma a zamaninsu daga jin numfashin kawai suna gane mai lafiya. Kwana huɗu muna leƙe ta tsakanin ƙafafu, mu murɗa kaɗan, mu tura a kan gilashin taga, ya cije, mu cire. Ranar da ya gangara shi kaɗai da muka ɗaga gefen gilashin, ihun da muka yi sai da aka leƙo daga cikin gida.

Yanzu ga abin da ya sa muka daɗe ba mu yarda a rubuta wannan ba.

Bututun hayaƙi ba tagulla ba ne, yana cikin abubuwan farin ƙarfen nan. Baba ya gaya mana, ba sau ɗaya ba, cewa wannan ƙarfe ba ya jure zafi. Turawan suna da wata dalma ta musamman dominsa, mai narkewa a digiri 70, wadda ko tafasasshen ruwa yana narkar da ita. Mu ba mu da ita, don haka ya ce a bari sai an kawo gam daga kasuwa. Ranar wata Juma'a ya tafi masallaci da wuri ya bar mu muna goge-goge. Jirgin yana zaune, komai ya hau sai bututu, kamar mutum ba hula. Muka ce ai taɓawa ɗaya ce. Muka ɗauko ƙarfe daga kurfoti.

Taɓawa ɗaya ce kuwa. Bututun ya lotsa, ya kwanta, ya zama ɗigon ƙarfe mai sheƙi a kan katako. Mun yi alkawari ba za mu faɗi wanda ya riƙe ƙarfen ba, kuma a nan ma ba za ku ji ba, don wanda ya riƙe da wanda ya ce "yi mana" da waɗanda suka yi shiru duk ɗaya ne.

Babu inda ake sayar da irinsa a Zariya, kuma guda ɗaya ne a kwalin. Sai muka yi abin da ya fi narkarwar muni. Muka jefa ɗigon a kwata, muka ce ai Baba ba ya gani sosai. Kwana uku muna zuwa muna aiki kamar ba komai. Ita amarya ta fi mu shan wahala, don a gida ɗaya suke kwana, ita take kai masa tuwo. Ranar Litinin da aka kawo gam, Baba ya miƙa hannu ya ce a ba shi bututu. Ba wanda ya motsa. Ya sake cewa. Sai ta fashe da kuka, mu kuma muka faɗa, muna katse juna.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya kashe rediyo. Ya tambaya, "Yaushe?" Muka ce Juma'a. Ya ƙirga da yatsunsa. Ya ce shi ma ya lalata kaya a shed da yake yaro, kowane fita ya lalata. Amma wanda ya ga tsaga a ƙarfe ya shafe ta da baƙin mai don kada a gani, ba a sake ba shi sifana, saboda akwai direba da mai zuba kwal da za su hau. Sannan ya rufe kwalin ya ce mu je gida.

Kwana shida ba a kira mu ba. Mun wuce ta ƙofar zauren ya fi sau ashirin, muna gaishe shi, yana amsawa, shi ke nan. A cikin kwanakin ne muna zaune wajen mai faci a bakin titi muka lura da bakin tsohon tiyub ɗin mota, inda ake sa iska. Tagulla ne, zagayayye, da rami a tsakiya. Muka auna da rula, kaurinsa ya yi kusa da na zanen da ke takardar bayani. Mai facin ya ba mu guda biyu kyauta, ya ce dama na zubarwa ne. Muka kankare robar, muka goge zaren da magagari, muka yanke shi daidai tsawo, muka naɗa zoben waya a bakinsa ya zama leɓe. Na farko ya lalace. Na biyu ya ci mana kwana uku. Muka ba amarya ta ajiye masa kusa da kofin shayi, ba tare da ta ce komai ba.

Ta ce ya daɗe yana juya shi a hannu. Washegari ya aiko ta: wai a gaya wa samarin nan leɓen ya yi kauri, su zo su rage.

Mun gwada jirgin ana saura kwana biyu a dawo makaranta, a kan guntun dogon da ɗan Baba ya haɗo da shi, da batirin babur mai bolt 12 da muka aro. Da farko bai motsa ba, ashe wata siririyar waya ce ba ta taɓa ƙafa. Da aka gyara sai ya zabura ya kusa faɗowa daga tebur, wani ya tare shi da hula. Baba ya ce a sake, ya kwantar da kunnensa a kan teburin. Muka yi ta kai shi muna dawo da shi, yana saurare. Ya ce, "Ba ya numfashi. Amma ba ya ɗingishi." Sannan ya laluba bututun da yatsa ya ce ya ɗan karkata hagu, kuma kada wanda ya kusance shi da wuta sai yana wurin.

Har yanzu ba a yi masa fenti ba, yana nan da ruwan tagullarsa da tabon dalma. Baba ya yarda mu kawo shi taron kulob ranar Alhamis bayan an tashi, da sharaɗin ya koma gida kafin magariba. Za a kalla ne da ido kawai. Duk wanda yake da batirin babur a gida kuma za a ba shi aro, don Allah ya same mu a aji biyu kafin Laraba, don mai wancan ya karɓi abinsa.