Ranar da Kalmomin Gwaggo Suka Ɓuya

A Ambassatna na girma, cikin N'Djamena, inda mutum ɗaya kan fara zance da Hausa, ya ratsa ta Larabcin Chadi, ya ƙarasa da Faransanci. Shekara biyu na yi ina zama gaban Gwaggo bayan la'asar ina rubuta kalmominta, musamman waɗanda na duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 ban gansu ba. Abin da na tara nakan zuba shi a rumbun bayanai na PostgreSQL, a jadawalin da na raɗa wa suna kalmomi.

Bayan sadakar arba'in ɗinta na buɗe psql, manhajar da ake bai wa rumbun umarni a rubuce, na buga \dt domin in ga jadawalaina. Jadawalin yana nan, amma da na leƙa ciki babu komai sai kalmomin daidaitacciyar Hausa da nake kwatantawa da su. Gabana ya faɗi, domin takardun hannuna tuni ruwan damina ya lalata su, wadda zan sake tambaya kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Na kira ɗan yayata, wanda ya taɓa gyara mini rumbun. Ya ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, buga \dn." Sai ga sassa biyu, public da chadi. Ashe shi ne ya ware wa kalmomin Gwaggo sashe nasu, ya bar sauran inda suke. Da na buga \dt chadi.* sai ga jadawalin, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba.

Daga nan na fahimci dalili. Umarnin \dt ba ya nuna duk abin da ke rumbu, sai abin da ke kan hanyar bincike da ake kira search_path. Idan ba a sauya ta ba, sashe mai sunan mai amfani take fara dubawa, sannan public. Na buga SET search_path TO chadi, public, sai kuma jadawalin daidaitacciyar Hausa ya ɓace daga jerin. Sunansu ɗaya, kuma idan sunaye suka zo ɗaya, na gaba yakan tare na baya. Dole na sauya wa ɗaya suna kafin su bayyana tare. Da yake SET ba ya wuce zama ɗaya, na rubuta shi a fayil ɗin .psqlrc, wanda psql ke karantawa duk lokacin da aka buɗe shi. Mai son saitin ya bi shi ko ta wace manhaja ya shiga, sai ya yi amfani da ALTER ROLE.

Abin ya tsaya mini a rai a matsayina na ɗalibin harshe. An gina daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano, kuma ita muke fara dubawa. Sau nawa na ji kalma a bakin Gwaggo, na duba ƙamus ban ganta ba, na ɗauka kuskure ne na tsufa? Wasu ma ban rubuta su ba saboda haka. Waɗannan kam babu umarnin da zai dawo mini da su.

Yanzu idan na buga \dt, jadawalai biyu nake gani, na Gwaggo a sama.