Ɓarawon Barci Mai Agogo

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, domin yakan sace mutum bai shirya ba. To, akwai wani ɓarawon da ya fi shi, wanda shi barcin ne yake sacewa. Wannan ɓarawo wani irin ciwon kai ne da nake fama da shi tun shekarar 2023, lokacin ina da shekara 14. 'Yan ɗakinmu sun sha ganina ina kai da kawowa a baranda da tsakar dare, 'yan ajinmu kuma sun sha ganina ina gyangyaɗi malam yana tsakiyar darasi. Shi ya sa na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayanin abin da ke faruwa, da kuma yadda nake ƙoƙarin ƙwato barcina.

Ni mutumin Dogon Dawa ne, cikin ƙasar Birnin Gwari, a kan hanyar da ta nufi Funtuwa. Mu manoma ne, masara da dawa da shinkafa muke nomawa, ga daji kewaye da mu. Mutanen garinmu sun san abin da ake kira barci rabi da rabi. A watan Oktoba na 2012, ina ɗan yaye, 'yan bindiga suka far wa garin da asuba suka kashe wajen mutum 20, yawancinsu masallata. Tun daga nan aka shafe shekaru ana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Saboda haka da na fara farkawa da dare ina kuka, Inna ta ɗauka firgita ce. Kakata ta ce iska ce, aka yi mini rubutu da hayaƙi. Wanzami kuma ya yi mini ƙaho. Kowa ya yi iyakar abin da ya sani don ya taimake ni, amma ciwon bai fasa zuwa ba.

Ga yadda yake. Yakan kama ni a ɓarin kai na dama kaɗai, a bayan ido, kamar an ɗora ƙusa a wuta an soka mini. Idon ya yi ja ya riƙa zubar da hawaye, fatarsa ta sauko, hancin wannan ɓangaren ya toshe. Ba na iya kwanciya, ba na iya zama wuri ɗaya. Bayan kamar minti 45 ko awa ɗaya sai ya sake ni, kamar an ɗauke ruwan sama. Haka zai yi ta zuwa kowane dare har mako shida, yawanci da kaka zuwa farkon hunturu. Daga nan sai ya ɓace wata da watanni, har in manta da shi.

Da Baba ya kai ni wani babban asibiti a Zariya, likitan jijiyoyi ya daɗe yana yi mini tambayoyi, sa'an nan ya ce sunan ciwon kilasta, wato ciwon kai mai zuwa gungu-gungu. Ya bambanta da ciwon ɓarin kai da aka saba da shi, wanda mai shi yakan nemi ɗaki mai duhu ya kwanta shiru. Mai kilasta tashi yake yi ya yi ta zagaye. Kimanin mutum ɗaya cikin 1,000 ke da shi, ya fi kama maza, kuma ya fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, ko da yake yana kama na ƙasa da haka irina. Kowane tashi yakan ɗauki minti 15 zuwa awa uku, wasu kuwa har sau takwas yake tasar musu a yini. Wani likitan Amurka mai suna Bayard Horton ya yi bayaninsa a 1939, sunan kilasta kuma a 1952 aka raɗa masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ciwon ke kiyaye lokaci, har ya fi mai buga ƙararrawar makaranta. A nan ana kashe fitila ƙarfe 10 na dare. Wajen ƙarfe 11 da rabi zuwa 12 sai ya tashe ni, wani dare kuma ya dawo wajen ƙarfe 3. Dalili shi ne akwai wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, bai kai girman goro ba, ana ce da shi haifotalamas. Shi ne agogon jiki, shi ke tsara lokacin barci da na farkawa. A 1998 masu bincike a Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo yana cikin cinsu, suka ga wannan sashe ne ya motsa. An kuma gano cewa sinadarin melatonin, wanda jiki ke fitarwa da dare don shirya barci, yana raguwa a jikinsu lokacin da ciwon ke kansa.

To, ku yi lissafi da ni. Daga ƙarfe 10 zuwa ƙararrawar asuba ƙarfe 5 awa bakwai ke nan. Masana sun ce yaro mai shekaruna yana bukatar awa 8 zuwa 10. In ciwo ya ci awa ɗaya, neman komawa barci ya ci rabin awa, ya kuma sake dawowa kafin asuba, abin da ya rage bai wuce awa huɗu ba. Ku ɗora wannan dare 40 a jere. Da safe kai ya yi nauyi, rubutun allo ya riƙa rawa, abin da aka karanta jiya ya bi iska. Akwai wanda ya taɓa sa ni gwale-gwale don na makara fita share-share, yana cewa lalaci ne. A zangon farko makina ya faɗi ƙwarai, har Baba ya fara tunanin ko ya mayar da ni gida. Wannan ya fi ciwon kansa tayar mini da hankali, domin ni ne na farko a ɗakinmu da ya zo sakandare.

Sai na ce a raina, tun da ɓarawon nan da agogo yake aiki, ni ma da agogo zan tare shi. Ga abubuwan da nake yi bisa shawarar likita.

Na farko, na sayi ƙaramin littafi ina rubuta ranar da ciwon ya zo, da lokacin, da tsawonsa. Da wannan littafi likita ya tabbatar da irin ciwon, da shi kuma nake sanin lokacin da gungu ya kusa ƙarewa. Sanin cewa abu yana da iyaka rabin haƙuri ne.

Na biyu, lokacin kwanciyata ɗaya ne, na tashina ɗaya ne, ko ranar Asabar, ko ina hutu a gida. Mai wannan ciwo yakan ji tsoron barci, tun da ya san abin da ke jiransa a ciki, sai ya so ya zauna ido biyu. Likita ya gargaɗe ni tun farko cewa raya dare ba ya hana ciwon, gajiya kawai yake ƙarawa. Barcin rana ma yana iya tayar da shi. Don haka a makonnin ciwo na sami izini ina zama ƙarƙashin bishiya da littafi lokacin hutun rana.

Na uku, ina shiryawa kafin a kashe fitila. Malamin da ke kula da ɗakinmu ya mayar da ni gadon ƙasa kusa da ƙofa, don in fita ban tashi kowa ba. Ina ajiye tocila da silifa da bokitin ruwan sanyi da tsumma a gefe. In ya taso sai in fita baranda, in ɗora tsumma mai sanyi a ido, in yi ta tafiya ina jan numfashi a hankali, ina salati. Da ya sake ni sai in koma gado nan take. Ba na buɗe littafi, ba na haska agogo ina ƙirga abin da ya rage, domin wannan ƙirgar ma korar barci take yi.

Na huɗu, ina guje wa wari mai ƙarfi irin na fetur da fenti da turare, don suna cikin abubuwan da ke tayar da shi. 'Yan ɗakinmu sun daina kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da ni, gidan sauro nake amfani da shi. Darussa masu wuya kamar lissafi na mayar da bitarsu da hantsi, lokacin da kaina ya fi sakewa. Abokina kuma yana ara mini littafinsa in cike abin da ya wuce ni.

Game da magani, farasitamol ba ya yi wa wannan ciwo komai, kafin ya fara aiki ciwon ya gama abin da zai yi. Abin da ke yanke shi da sauri shi ne shaƙar zallar iskar oksijin, lita 12 zuwa 15 a minti ɗaya, na kimanin minti 15, ko wata allura mai suna sumatiriftan. Na rigakafi kuwa akwai ƙwayar berafamil, wadda sai an riƙa auna bugun zuciyar mai shanta. Duk waɗannan likita ne kaɗai zai ce ga wanda ya dace. Ina roƙon 'yan'uwana kada wanda ya ruɗe su da tiramol ko kodin. Ba sa maganinsa, sai dai su bar mutum da wata cutar. Gwamnatin Tarayya ma ta hana maganin tari mai kodin tun 2018.

A ƙauyuka irin namu samun oksijin da tsakar dare abu ne mai wuya, kuma an yi shekarun da ba mai bin hanya in rana ta faɗi. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu a ƙasar Birnin Gwari, har aka sake buɗe kasuwar shanu. Fatana shi ne zaman lafiya ya ɗore, ƙananan asibitocinmu kuma su sami kayan aiki.

Ya ku iyayenmu, idan yaro yana farkawa lokaci ɗaya kowane dare, ido ɗaya ja yana hawaye, ku rubuta lokacin ku kai shi wurin likita, addu'a kuma a ci gaba da yi. Idan kuwa ciwon kai ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, kada a jira gari ya waye, domin yana iya zama sanƙarau. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman shugabanninmu, in kun ga wani yana gyangyaɗi kullum, ku tambaye shi yadda ya kwana kafin ku yanke masa hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhamdu lillahi, bara na wuce gungun ba tare da na rasa jarrabawa ko ɗaya ba, Baba kuma ya bar maganar mayar da ni gida. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba ƙasarmu barci mai daɗi, amin.