Waƙar Bob Marley, Sunan Tata

Duk wanda ya taɓa zama a bakin shagon mai sayar da kaset a garuruwanmu ya ji "No Woman, No Cry", kuma ko daga barci ka tashe shi zai ce maka ta Bob Marley ce. Amma a jikin faifan Natty Dread na 1974, inda waƙar ta fara fitowa, sunan da aka buga a matsayin mawallafinta shi ne V. Ford. Wannan mutum ba a san shi da waƙa ba. Gidan da ya zauna yana nan a Trench Town, unguwar talakawa da ke yammacin Kingston, babban birnin Jamaika, kuma can na nufa.

Gidan yana kan layin Lower First Street, yanzu an mai da shi wurin tarihi, ana kiransa Culture Yard. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta gina irinsa a shekarun 1940 don masu ƙaramin ƙarfi. Da na shiga sai na ga tamkar gidan haya a Fagge: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, madafi na kowa da kowa, kwanon rufi ya ci tsatsa. A gefe guda ga gawar wata tsohuwar motar Volkswagen da Marley ya taɓa hawa, an bar ta rana da ruwa suna cinta. Wasu dattawa masu tukkun Rasta suna zaune a inuwa, hayaƙin abin da suke busawa kuwa ba sai na faɗa wa mai karatu sunansa ba.

Mai yi mana jagora ya nuna mana wani ɗan ɗaki da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Nan ne madafin Vincent Ford, wanda unguwa ke kira Tata. A nan Marley ya riƙa kwana lokacin yana saurayi ba shi da ko sisi, a nan kuma Tata yake dafa wa yaran unguwa abinci ba tare da ya tambayi kowa kuɗi ba. Labarin da ake bai wa baƙi shi ne, da duniya ta buɗe wa Marley sai ya tuna da wanda ya ciyar da shi, ya sa sunansa a waƙar don kuɗinta su riƙa zuwa masa, tukunya kada ta sauka. Tata ya rasa ƙafafunsa biyu saboda ciwon sukari, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, ya rasu a ƙarshen 2008. Labari ne mai taɓa zuciya, kuma ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Sai dai rabinsa ne.

Sauran rabin yana cikin takardun kotu a Landan. Kowace waƙa da aka sa a faifai tana haifar da kuɗi ta hanya biyu. Akwai na muryar da aka naɗa, akwai kuma na wanda ya tsara baitoci da kari, kuma wannan na biyun shi ne mai daɗewa, domin duk lokacin da gidan rediyo ya saka waƙar, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, sai an biya. Tun 1968 Marley ya ƙulla yarjejeniya da wani Ba'amurke, Danny Sims, mai kamfanin Cayman Music, wadda ta bai wa kamfanin mallakar waƙoƙin da zai tsara. Da tauraruwarsa ta fara haske sai ya ga ba ya samun abin da ya kamata. Yarjejeniyar ta ɗaure abin da Bob Marley ya rubuta ne kawai. To, in Bob Marley bai rubuta ba fa?

Daga nan sunaye suka fara tsirowa. A faifan Rastaman Vibration na 1976, "Positive Vibration" da "Roots, Rock, Reggae" duk Tata aka ba. "Rat Race" da "Johnny Was" suka zama na matarsa Rita. "Crazy Baldhead" aka raba tsakanin Rita da Tata. An fake da guzuma an harbi karsana ke nan: abokin arziki ya samu, kamfani ya rasa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce "War". Kusan dukkan kalmominta an ɗauko su ne daga jawabin da Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1963, inda ya yi tir da fifita wani jinsi a kan wani, ya ambaci Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu. Marley da jama'arsa suna ɗaukaka wannan sarki har su kai shi matsayin da mu ba za mu kai ɗan Adam ba. Duk da haka, da aka zo rubuta masu waƙar, sai aka sa Allan Cole, shahararren ɗan ƙwallon ƙafa kuma aminin Marley, da Carlton Barrett, mai buga ganga. An ce Cole ne ya kawo masa takardar jawabin. Mai jawabin kansa bai samu gurbi a layin ba.

Dabarar ta yi aiki muddin mai ita yana raye, domin kowa ya san abin da aka yi, kuma kowa yana jin nauyinsa. Marley ya rasu a watan Mayun 1981 yana da shekara 36, bai bar wasiyya ba. Abin da aka ƙulla da baki tsakanin aminai sai ya koma hannun lauyoyi. A 2006 Aston Barrett, mai kaɗa jitar bes kuma yayan Carlton, ya nemi fam miliyan 60 a kotun Landan, cikin hujjojinsa har da waƙoƙin da ke ɗauke da sunansa da na ƙanensa. Bai yi nasara ba. A 2014 kuma kotu ta saurari ƙarar da Cayman ta kai kamfanin Blue Mountain na Chris Blackwell a kan waƙoƙi 13, har da "No Woman, No Cry" da aka bai wa Tata. Abin dariyar shi ne ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kan wanda ya rubuta su ba. Duka sun yarda Marley ne. Rigimarsu ita ce ko waƙoƙin suna cikin cinikin da aka yi a 1992, lokacin da Cayman ta sayar da abin da take da shi na Marley. Alƙali ya ce suna ciki, Cayman ta fita hannu rabbana.

Na haura zuwa lamba 56 a titin Hope Road, babban gidan da Marley ya zauna bayan ya yi suna, wanda shi ma yanzu gidan tarihi ne. Can akwai faya-fayan zinare a bango, da shagon riguna, da baƙi a layi. Tafiyar mota ce kaɗan daga Trench Town, amma wata duniya ce daban, kuma yawancin masu yawon buɗe ido a nan suke tsayawa.

Ni dai ban ga laifin Marley ba. Wanda aka ɗaure da takarda tun yana neman na abinci, in ya sami kafar zamewa ya zame, ya kuma bi da amfanin ta ƙofar wanda ya taɓa ciyar da shi, ya yi abin da mutumin kirki zai yi. Inda ya bar baya da ƙura shi ne rashin rubuta gaskiyar lamarin a wani wuri. Mawaƙanmu da ke raba waƙa da abokai a situdiyo bisa amana, ba takarda ba shaida, su dubi shekarun da magadan Marley suka shafe suna zaryar kotu.