Wuƙa Biyu da Bakin Wuta

Sanyin hunturu ne ya tashe mu daga dakalin ƙofar gida ya tura mu zauren Alhaji. Mu huɗu ne kamar kullum: ni, da Alhaji mai gida, da Malam da ke koyar da Hausa a sakandare, sai Injiniya, wanda bai taɓa yarda da magana a karon farko ba tun muna yara. An kawo kasko da gawayi, an ɗora butar shayi. Abin da ake faɗa a zauren nan a nan yake kwana, amma na daren ranar na roƙi izini an ba ni, da sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

Ni ne na zo da kwamfutar, ni ne kuma na dage sai mun kalli wani tsohon kashi na Star Trek: The Next Generation, shirin nan na Amurka da aka yi daga 1987 zuwa 1994. Sunan kashin "Darmok", shi ne na 2 a zango na 5, an fara nuna shi a ƙarshen Satumbar 1991. Na kalle shi ya fi a ƙirga. Alhaji ya ce shi fa ba ya son fim ɗin mutane masu kan ƙadangare. Na ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri na awa ɗaya, ba ma zai kai ba."

Labarin ba shi da rassa da yawa. Kumbon Enterprise ya haɗu da na wasu baƙin halittu da ake kira 'Ya'yan Tama. A cikin shekara 100 an yi gamo da su sau 7, ba a taɓa fahimtar juna ba. Ga na'urar tafinta tana aikinta, tana juya kowace kalma tsaf, amma abin da ke fitowa sunayen mutane ne da na garuruwa: wane da wane a wuri kaza, wane lokacin da ganuwa ta faɗi. Ana cikin wannan kame-kame sai kyaftin ɗinsu, Dathon, ya sa aka sure shi tare da Kyaftin Picard na Enterprise aka dire su a wata duniya mai suna El-Adrel, mutanensa kuma suka toshe hanya don kada a ɗauko kowa. Dathon ya zaro wuƙa biyu ya jefa wa Picard ɗaya. Picard ya ɗauka faɗa ake gayyatarsa, ya mayar masa da abarsa.

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai ne. Baƙo ya sato ka ya miƙo maka wuƙa, ai ba yankan rago zai sa ka ba."

Wurin da zauren ya fara yin tsit shi ne daren farko. Sanyi ya sauko, Picard ya yi ta murza itace wuta ta ƙi kamawa, shi kuwa Dathon yana can gefe tasa tana ci. Ya dube shi, ya dube shi, sai ya ɗauko bakin wuta ya wurgo masa, ya ambaci wani Temba da ya buɗe hannuwansa. Picard ya tsaya yana juya maganar a baki har ya gano kyauta ake nufi. Malam ya ajiye kofinsa ya ce in tsayar da fim ɗin.

"Ku ba ku gane ba? Ai Hausa suke yi."

Injiniya ya yi dariya har ya ƙware. Malam bai kula shi ba. Ya ce in Bature ya koyi Hausa a littafi, ya haddace ƙamus daga farko har ƙarshe, ka ce masa wane ya yi shigar sojan Badakkare, me zai fahimta? Ya san soja, an gaya masa Badakkare mutumin wata ƙabila ne, to sai me? Ko ka ce masa an yi maka angulu da kan zabo, ya tafi neman tsuntsaye biyu. Ya ce da 'Ya'yan Tama Hausawa ne, in za su yaba jarumin da ya raba gari da wahala, cewa kawai za su yi Bayajidda a bakin Kusugu. Duk wanda ya taso da labarin macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ya gama ji. Wanda bai taso da shi ba kuwa, sunan mutum ne da sunan rijiya.

A cikin fim ɗin ma haka Data da Troi, abokan aikin Picard, suka gano can a kumbo. Sun tona rumbun bayanai sun samu cewa Darmok maharbi ne a tatsuniyar wata duniya, Tanagra kuma tsibiri ne a can. Sun san yadda harshen yake tafiya, amma ba su da labaran da aka gina shi a kai, don haka ba su iya haɗa ko jimla ɗaya ba.

A nan Injiniya ya gyara zama, na san kuma an zo wurin. Ya ce shi duk wannan bai shige shi ba. Mutanen da suka ƙera kumbo mai ƙarfin da ya tsaya wa Enterprise, da wane baki suke cewa miƙo mini sifana lamba 12? Da karin magana ake lissafin nauyin ƙarfe? Sannan yaro in an haife shi, da wane harshe ake ba shi labarin Darmok tun farko, tunda kowace magana sai ta jingina da wani labari? Ya ce Joe Menosky da ya rubuta wasan ya yi wa masu kallo rufa-ido ne kawai.

Gaskiya ce, kuma masoya shirin sun daɗe suna wannan musu. Ni dai na taɓa kwana ina neman amsa, daga baya na daina, don na lura musun bai taɓa hana ni jin abin da nake ji a dare na biyu na fim ɗin ba. Malam kuwa ya ce yaro ba a ƙamus yake koyon "sannu" ba, faɗuwa yake yi a ɗaga shi a ce masa sannu. Injiniya ya ce wannan ta amsa rabin tambaya, saura sifana. Alhaji ya ce a bar sifana a saki fim, shayi na hucewa.

Da gari ya waye sai dalilin wuƙar ya fito. Akwai wani dodo a wurin mai kama da wanda ya ɗaura layar zana, yana ɓacewa yana bayyana. Picard ya karɓi wuƙar, kuma a tsakiyar tsoron nan ne ya gane cewa mutumin nan da misali yake magana. Ku ga murnar Dathon a lokacin! Paul Winfield ne ya fito a matsayin, fuskarsa duk an lulluɓe ta da roba, ido da murya kawai suka rage masa, amma farin cikin ya fito kamar na wanda ya daɗe yana sallama a ƙofar gida sai yanzu aka amsa.

Sai kuma abin da har yau yake ƙona mini rai. Riker, mataimakin Picard, yana can sama hankalinsa a tashe, ya matsa a ɗauko kyaftin ɗinsa ko ta yaya. Na'urar ɗauko mutane ta kama Picard daidai lokacin da dodon ya faɗa wa Dathon, ta riƙe shi ba ta kai shi sama ba, ba ta sake shi ba. Yana tsaye yana kallo ana yagalgala mutumin da ya ba shi wuta, ba ya iya ɗaga hannu.

"Gyaran gangar Auzinawa," in ji Alhaji a hankali.

Malam ya nuna shi da yatsa: "Kun ji ko? Shi ma ɗan Tama ne bai sani ba." Muka yi dariya, amma gajeriya. Ni ban ga laifin Riker ba, abin da kowane mataimaki na ƙwarai zai yi ya yi. Shi ya sa ma wurin ya fi ciwo.

Daren na biyu, Dathon na kwance jina-jina a bakin wuta, Picard ya ɗauko duwatsu yana jerawa a ƙasa yana tambaya, har labarin ya haɗu. Darmok ya zo Tanagra shi kaɗai, Jalad ma ya zo shi kaɗai, suka tarar da dodo, suka yaƙe shi tare, suka bar tsibirin tare. Ashe abin da Dathon ya shirya ke nan tun farko: tunda baki ya gaza, a jefa mutum biyu cikin wahala ɗaya ko a samu abin da za su riƙa tunawa tare. Sai ya nemi Picard shi ma ya ba shi nasa labarin. Picard ya ce shi ba gwani ba ne, amma ya kawo na Gilgamesh, sarkin Uruk a ƙasar Iraƙi ta yau, da Enkidu mutumin daji, waɗanda suka fara da kokawa suka ƙare da aminci, har Enkidu ya mutu Gilgamesh ya yi kukansa. Patrick Stewart, wanda ya fito a matsayin Picard, ya rage murya, ya gajarta jimlolinsa yadda za su yi kusa da na mai sauraro. Kafin ya kai ƙarshe Dathon ya cika.

Babu wanda ya yi magana har aka gama sauran. An ceto Picard daidai lokacin da kumbunan biyu ke dab da hallaka juna, ya tsaya ya yi wa mataimakin Dathon bayani da harshensu, ya mayar musu da littafin kyaftin ɗinsu, ya miƙa wuƙar aka ce ya riƙe. Mutumin kuma ya ƙara sabon karin magana a harshensu nan take, ya haɗa sunan Picard da na Dathon da na El-Adrel.

Alhaji ne ya fara buɗe baki. Ya ce shi fa har yanzu yana ganin ganganci a abin da Dathon ya yi. Ka sa ranka a caca, wannan naka ne, amma ka haɗa da ran wanda ba ka shawarta ba? Na ce ta yaya zai shawarce shi, Alhaji, shawarar ai ita ce abin da aka rasa hanyar yi. Ya ce duk da haka. Ban ci gaba ba, don a raina na san da Picard ne ya mutu da ba haka nake magana ba.

Injiniya ne bai sa baki ba, abin da ba halinsa ba. Yana ta tona gawayi da tsinke. Can sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba ya taɓa miƙo mini wuƙar nan."

Muka yi shiru.

Ya ce shekarar da ya gama jami'a ya koma ƙauye da takardarsa yana jin kansa a sama. Washegari da asuba mahaifinsa ya fito da fartanya biyu, ya jingina ɗaya a ƙofar ɗakinsa, bai ce komai ba ya wuce gona. Shi kuwa ya ɗauka gori ne, wato duk bokonka nan za ka dawo. Ya haɗa kayansa a ranar ya taho birni. Da zai fita tsohon ya ce masa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, shi kuma ya ɗauke ta a matsayin baki. Shekara da shekaru yana aike, kuɗi, buhun shinkafa, kujerar Makka ma ya biya, amma bai taɓa kwana uku a jere a gidan ba. Sai bayan rasuwar tsohon ne Inna ta gaya masa cewa a daminar nan gwiwoyin Baba suka fara ciwo, kuma ba mutum ne da zai iya buɗe baki ya ce wa ɗansa ina son ka raka ni ba. Ta ce ranar har fura ya sa ta dama ta mutum biyu.

"Hausa ɗaya muke ji da shi, Malam," in ji shi. "Ba a buƙatar tafinta."

Malam bai kawo karin magana ba, kuma na gode masa da hakan. Alhaji ya ce Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, muka ce amin. Ya cika wa Injiniya kofi ya tura masa, ya ƙara gawayi. Can Injiniya ya share fuska ya ce amma fa maganar sifana tana nan, ba wanda ya amsa masa. Alhaji ya ce to ka rubuta musu takarda Amurka. Wannan karon dariyar ta yi tsawo.

Tun daga ranar, in ɗayanmu ya ga ana yi wa wani alheri yana ɗaukarsa da wata fassara, cewa kawai muke yi fartanya biyu, kuma duk majalisar mu huɗu ne kaɗai muka san abin da ake nufi. Ranar Juma'ar da ta biyo baya Injiniya bai zo hira ba, ya tafi ƙauye wajen Inna, sai Talata ya dawo.

Wanda bai taɓa kallon shirin ba zai iya farawa daga wannan kashin, ba ya buƙatar sanin abin da ya gabata. In za ku kalla, ku jira dare, ku kira mutum biyu ko uku, ku kashe waya.